Inda Duron Kanwa Ya Zauna

Masarar gandun su Haladu ta yi kyau bana, in ban da wuri ɗaya. Daga bayan dangar gidaje zuwa gindin kanya, a filin da ya kai faɗin masallacin unguwa da harabarsa, shuka ta fito kore shar, ta kai gwiwa, sai bakin ganyenta ya fara soyewa kamar an gifta mata wuta. Wadda ta rayu ba ta yi goyon kirki ba. Kuma babu wanda bai sani ba a ƙauyen cewa a daidai nan shanun Bube suka kwana rani guda cur.

Ƙauyen yana gefen hanyar da ta tashi daga Kankia ta nufi Kusada. Gandun na mutum biyu ne, Auwalu da ƙanensa Haladu, ba su raba ba tun rasuwar mahaifinsu. Shi kuwa Bube Bafulatani ne, rugarsa tana bakin burtali. Abin da ke tsakaninsu ya girme su duka: in an gama girbi, shanun gidan su Bube su shigo gandu su ci kara da karmami, su kwana a ciki su bar taki. Iyayensu suka fara, ba takarda, ba shaidu.

Ranar da aka kwashe masarar ƙarshe, Auwalu ya yanke magana a ƙofar masallaci bayan la'asar, mutane na neman takalmansu.

"Kanwa ce," in ji shi. "Rani guda suna jiƙa wa shanu kanwa cikin gonata, suna zubarwa. Ƙasar da ta sha kanwa ta mutu. Bana ko ɗan maraƙi ba ya taka mani gandu."

Bai ɗaga murya ba, amma a wurin da ya faɗa ba a bukatar ɗaga murya. Gandunsu ne mafi girma a wajen, shi ake kallo. In ya buɗe wa shanu, sauran manoma su buɗe nasu. In ya rufe, su rufe. Ba a daɗe ba wasu suka fara tattara karansu suna ɗorawa a kan itatuwa. Haladu ya san abin da wannan ke nufi. Bube ba shi da wani wurin da zai ci rani a nan kusa. Sai dai ya kaɗa shanu yamma, wajen dazukan da mai dabba ke shiga ya fito hannu wofi, ko ya fito da sunan da ba nasa ba. A wannan zamani, in aka ce ƙauye ya kori Bafulatani, ba a tsayawa tambayar dalili.

Washegari da safe Haladu ya iske yayansa a zaure yana ɗaurin igiyar amalanke.

"Yaya, ƙungiyar manoma ta ce bana za a yi awon ƙasa kafin a fara maganar taki. Malam Okon zai bi gonaki."

"Na ji."

"Ka bari a auna wurin nan. In kanwa ce, za a gani."

Auwalu ya ja igiyar da haƙori ya ƙulle. "Kai dai ba ka gajiya da Bube. Shi ya haife ka?"

"Tare muka tashi, Yaya. Kai ma ka sha nonon gidansu."

"Na sha, na kuma kai masu dawa." Ya dubi ƙullin da ya yi. "To, na yarda. In ƙasa ta ce ba kanwa, su shigo. In ta ce akwai, kada ka sake kawo mani sunanshi a gidan nan."

Malam Okon malamin gona ne daga Kankia, mutumin Kudu, amma ya daɗe a nan har in ransa ya ɓaci da Katsinanci yake faɗa. Ya zo bisa babur da hantsi, ya ɗauro bokitin roba da ledoji da wani dogon ƙarfe mai murɗaɗɗen baki. Manoma suka kewaye shi a bakin gandu.

"Ku matsalarku ɗaya ce," ya ce. "Kuna ba gona taki kamar rabon tuwon suna. Kowa malmala guda, mai jin yunwa da wanda cikinshi ke neman fashewa. Sai buhu ya ƙare ku ce taki ba ya da kyau."

"To ai ba ya da kyan," wani ya ce daga baya.

"Kai, Sagir, gonarka ko zinari aka zuba mata sai ka yi noma tukun. Ciyawarka ta fi ni tsawo."

Da dariya ta lafa ya nuna musu yadda ake yi. Mutum ya kasa gonarsa yadda ya san ta, tudu daban, kwari daban, inda ya lalace daban. A kowane kashi ya yi ta tafiya a karkace, ya haƙa nan, ya haƙa can, zurfin kamar daga kan yatsa zuwa wuyan hannu. Ya zuba duka a bokiti, ya cakuɗa sosai, ya ɗebi kaɗan ya ƙulle a leda. Za a kai Kano a auna, a faɗa wa kowa abin da ƙasarsa ke da shi da abin da ta rasa.

"Amma ku ji nan," ya ƙara, yana ɗaga yatsa. "Ku kauce wa gindin itace, da suri, da inda aka taɓa tara toka ko aka zubar da wani abu. Irin wannan wuri in ya shiga bokiti, ƙarya zai yi wa sauran gona."

Ya bar wa Haladu ƙarfen da bokitin ya wuce Kafinsoli, ya ce zai biyo da yamma ya karɓa. Auwalu kuma ya tafi Kusada ta'aziyya. Haladu ya rage shi kaɗai a cikin gandu.

Ya fara da tudun arewa, inda ƙasa ta yi fari kamar an wanke ta. Ya sauka kwari ya ɗiba. Aikin bai yi masa wuya ba, ƙarfen na shiga yana fito da ƙasa a cikin bakinsa. Sai da ya iso makwancin shanu ya dakata.

Ya san abin da Auwalu bai sani ba. Auwalu zato yake yi. Shi kuwa ya gani da idonsa. Da rani, rabin duron da Bube ke jiƙa wa shanu kanwa a ciki ya huje ta ƙasa, ya yi ta yoyo, har wurin ya yi farin ɓawo kamar an barbaɗa gari. Yanzu garma ta bi ta kai, ruwan damina ya bi, ba wata alama. Amma ya riƙe wurin a ransa, tsakanin kanya da kusurwar danga.

Ya tsaya riƙe da ƙarfen. Malamin gona da bakinsa ya ce a kauce wa inda aka zubar da wani abu. Ba shi ya ƙago dokar ba, a gaban jama'a aka faɗe ta. In ya kewaye wurin bai yi ƙarya ba, bai musanya ƙasa ba, bai ɓoye leda ba. Ko alƙali ba zai kama shi da komai ba. To amma Auwalu ba lafiyar gona ya aiko shi tambaya ba. Kanwa ya aiko shi tambaya. In sakamako ya fito fes, shi kaɗai zai san cewa an tambayi ƙasa ne a inda ba ta da abin faɗa.

Sai ya juya maganar ta ɗaya gefen. In ya haƙa, aka ce akwai kanwa, da hannunsa ya tura mutum da matarsa da 'ya'yansa daji, don kawai shi Haladu ya ji zuciyarsa wasai. Wannan gaskiya ce, ko son kai ne ya sa rigar gaskiya? Masara ta riga ta ƙone, ba za ta dawo ba. Bube kuwa yana nan da ransa. Ya nemi wani abu da ya taɓa ji a wajen karatu da zai raba masa gardamar, duk abin da ya tuno sai ya ga ya tsaya wa ɓangarorin biyu.

Ya haƙa ko'ina a makwancin, ya kewaye wurin. Ya cakuɗa, ya ƙulle ledar. Da ya ɗauki bokitin, maimakon ya nufi gida sai ya ga ƙafarsa ta bi burtali.

Shanun Bube suna tsaye a bakin ruga suna tsintar busasshiyar ciyawar da ta rage a gefen hanya. Adda, matar Bube, ta dawo daga tallan nono tana wanke ƙwarya. Bube yana durƙushe yana cire wa wata saniya kaska. Ya ɗago ya ga ƙarfen.

"Kaɗo, yau kuma zinari ake nema?"

"Ƙasa nake ɗiba. Kano za a kai ta, a duba lafiyarta."

"Ikon Allah. Ƙasa ma ta fara zuwa asibiti, mu da muke bisanta ba mu samu zuwa ba."

Haladu ya gaida Adda, ya zauna a kan turmin da ke kife, ya faɗa wa Bube yadda suka yi da Auwalu. Bube ya ci gaba da laluben kunnen saniyar har ya gama ji.

"Ka haƙa inda duro ya zauna?"

"Malamin ya ce a kauce wa irin wurin."

"Ba malami na tambaya ba. Kai na tambaya."

"Ban haƙa ba."

Adda ta ajiye ƙwaryar. "To mi ya rage? Mutum ya yi yadda malaminsu ya ce. Kai ka fi malamin sani ne? Dubi maruƙan can, Bube. Da waɗanne ƙafafu za su kai inda kake cewa? Ni ban zuwa daji, na gaya maka tun jiya."

"Na ji ki."

"Ba ka ji ba. In ka ji, ka yi mashi godiya ya tafi."

Bube ya saki saniyar ya miƙe, yana goge hannu a gefen rigarsa. "Haladu, a ce mun shiga a haka. Baɗi masara ta sake ƙonewa a wurin. Mi za a ce? Za a ce Bafulatani ya haɗa baki da ƙanen mai gona. Ranar ba kora kaɗai za a yi mani ba, kai ma ba ka sake zama ƙofar masallaci." Ya ɗauki sandarsa. "Kuma ni ma ina son in sani. Tun da masarar nan ta fara ja ban sake bi ta wajen ba. Kewayawa nake ta bayan makaranta, kamar ɓarawo."

Adda ta jawo ƙwaryarta. Ta juya musu baya ta ci gaba da wankinta, tana goga ƙwaryar da ƙarfin da ya fi wanda take bukata.

Da suka isa, Haladu ya nuna wurin da ya kewaye. Bube ya dubi kanyar, ya dubi dangar, ya girgiza kai.

"Ba nan ba ne. Matsa gabas. Ƙara. To nan." Ya soka sandarsa. "Kai Kaɗo, duk tunanin da ka sha, wurin da ba komai ka yi ta kewayewa kamar rijiya."

Haladu ya so ya yi dariya, ba ta fito ba. Bube ya karɓi ƙarfen ya murɗa da kansa, ya sake murɗawa a gefe, ya zazzage a sabuwar leda. Ƙasar ba ta bambanta da sauran ba a ido.

Da yamma Malam Okon ya biyo. Yana rubuta suna a jikin ledojin sai ya ɗaga ƙaramar.

"Wannan fa?"

"Inda aka jiƙa kanwa ne."

Malam Okon ya ji labarin rigimar, kamar kowa. Ya dubi Haladu ta saman tabarau. "Na ce a kauce wa irin wurin nan. Ka san abin da kake yi kuwa?"

"Mai shanun ne ya haƙa."

Bai ƙara tambaya ba, ya sa ta cikin buhu tare da sauran. Da Auwalu ya dawo daga Kusada, Haladu ya gaya masa akwai leda ta musamman daga gurbin duron, kuma Bube ne ya nuna wurin. Auwalu ya ce, "Hm," ya nemi a kawo masa ruwan alwala.

Jira ya yi tsawo. Kara yana tsaye a gandu yana bushewa, shanu suna bakin burtali suna kallonsa. Ƙanen Bube ya gaji, ya ware nasa ya yi kudu da su. Wani mai kiwon turke daga Kankia ya zo taya karan gandun, Auwalu ya ce ya dawo wani lokaci. Haladu ya riƙe wannan a matsayin alama mai kyau, daga baya kuma ya ga ba alamar komai ba ce, Auwalu dai ba ya saɓa abin da ya ce. Wannan halin nasa ne ma abin tsoron. Adda ta daina biyowa ta ƙofar gidansu da nono. In sun haɗu a hanya takan amsa gaisuwarsa, a taƙaice.

Ran nan da safe babur ɗin Malam Okon ya tsaya a bakin gandu. Aka kira Auwalu, aka aika wa Bube. Bube ya zo ya tsaya a kan iyaka, bai shigo ba.

"Ka ce mashi ya matso," Auwalu ya ce wa Haladu. "Shanu na hana, ba mutum ba."

Suka tsaya a inuwar kanya. Malam Okon ya fito da wayarsa, ya daɗe yana shafa ta da yatsa.

"Zan fara da ƙaramar leda, tunda ita kuke jira. Akwai kanwa a ciki. Sosai ma."

Haladu bai iya duban Bube ba, sai ya dubi ƙasa.

"To," in ji Auwalu, ya gyara hularsa zai juya.

"Tsaya, Malam Auwalu, ban sauke ba. Bube, wurin da duron ya jiƙa, faɗinshi ya kai nawa?"

"Bai fi tabarma ba."

"Masarar da ta ƙone kuma ta kai filin masallaci. To ledar da aka ɗebo daga duk filin, ba kanwa cikinta. Ta wannan gefen lafiyarta lau. Abin da ke damunta, abinci ne ya yi mata yawa. Na daɗe ina wannan aiki, ban taɓa ganin ƙasar gona mai ƙarfin wannan ba, sai ka ce daga juji aka kwaso ta." Ya sauke wayar. "Bara sau nawa kuka tayar da turaku?"

Auwalu ya dubi Bube. Yadda aka saba, shanu ba sa daɗewa a wuri guda. In sun yi 'yan kwanaki sai a tuge turaku a matsa gaba, a haka har taki ya game gona kafin ruwa ya sauka.

"Ba a tayar ba," Auwalu ya ce a ƙarshe.

"Ko sau ɗaya?"

"Ko sau ɗaya."

Dukkansu sun san dalili. Farkon ranin bara ɓarayin shanu suka kwashe garke guda a wani ƙauye da ke gaba da su. Aka taru a ƙofar mai unguwa, aka yi shawara duk shanun da ke gonaki su riƙa kwana a bayan gidaje, inda in an yi ihu za a ji. Auwalu yana wurin, Haladu yana wurin, Bube yana wurin, kowa ya ce hakan ya fi. Ba wanda ya yi tunanin ƙasa. Kashi da fitsarin garke guda na rani guda suka taru a wuri ɗaya.

"Da damina kuma," Malam Okon ya ci gaba, "kun sa takin kamfa a nan?"

"Mun sa," in ji Haladu.

"Yuriya fa?"

"Kamar ko'ina. Ni na bi layin da kaina."

"Sannan ruwa ya ɗauke."

"Ya ɗauke, har aka fita roƙon ruwa."

"To ga wutarku nan. Mutum ya ci ya ƙoshi har wuya, kuka danne shi kuka ƙara mashi, kuka hana shi ruwan sha. Ƙasar nan ba ta mutu ba. Baɗi kada ku sa mata ko ƙwayar taki, ku shuka masararku ku tsaya ku gani. Buhun da za ku kashe a nan ku kai shi tudun arewa. Can ne yunwa take. Takin sufa yake so, kuma ya fi kowa bukatar kashin shanu, don ba abin da ke riƙe mashi ruwa. Kwari kuma ku rage kamfa, yuriya kaɗan ta ishe shi, a raba ta sawu biyu."

Haladu ya fara murna, sai ya ga fuskar yayansa. Auwalu bai motsa ba.

"Na ce in akwai kanwa ba su shiga," ya ce a hankali. "Kuma akwai."

"Akwai," in ji Bube. "Durona ne ya yi yoyo. Na gani, na ce zan liƙe, ban liƙe ba."

Malam Okon ya mai da wayarsa aljihu ya shiga duban tayar babur ɗinsa. Haladu ya buɗe baki zai ce ai ba rantsuwa aka yi ba, sai ya fasa. Ya san yayansa. In aka nuna masa ƙofa ba ya bi, sai wadda ya gano da kansa. Kuma a ransa ya san Auwalu bai yi ƙarya ba. Ya ce akwai kanwa, ga ta an samu. Abin da ya ɗora mata ne ba nata ba.

Auwalu ya taka zuwa tsakiyar makwancin. "Ina ne wurin?"

Bube ya je ya nuna da sanda. Auwalu ya sa gefen takalminsa ya ja layi a ƙasa, ya kewaye wurin, ya ɗan ƙara faɗi ta gabas don kada a ce ya yi sassauci.

"Nan ne mai kanwa?"

"Nan ne."

"To nan ba su shiga. A sa ƙaya a kewaye, kai za ka saro ta. Duron kuma kada in sake ganinshi cikin gandu. Ka kai shi bisa fa, shimfiɗaɗɗen dutsen can bakin burtali, su sha can su dawo." Ya kakkaɓe hannu, ko da yake bai taɓa komai ba. "Sauran wurin ban yi magana a kanshi ba."

Bube ya sunkuyar da kai yana murza gemu. Dariya yake dannewa. "Allah shi ƙara girma, Yaya Auwalu."

"Ban son daɗin baki. Ƙaya mai kyau, ba irin shingen Fulani ba da akuya ke tsallakewa."

Saura magana ɗaya, ita ce ba ta da daɗi. Tudun arewa ne ke son shanu, kuma shi ne mafi nisa da gidaje. Abin da ya hana a tayar da turaku bara bai tafi ko'ina ba. Suka daɗe a kanta. A ƙarshe suka tsaya a kan cewa shanu su riƙa wuni a tudu, a nan za su yi hutun rana. In yamma ta yi a dawo da su bayan danga, amma ana matsawa da turakun a tsawon dangar, ba wuri ɗaya ba. Abin da ya taru kuma a kwashe da amalanke a kai arewa. Malam Okon ya ce bai kai kwana a can ba, amma ya fi na bara nesa ba kusa ba.

Bayan la'asar Auwalu ya faɗa a ƙofar masallaci cewa an auna, shanu za su shiga. Haladu ya lura muryar ba ta kai ta wancan karon ba, kuma ya bari sai da rabin mutane suka watse. Duk da haka maganar ta zaga. Wasu suka sauko da karansu daga itace. Sagir ya ce shi ya riga ya sayar da nasa, kuma ko bai sayar ba, na'urar Kano ƙasa ta sani, ba ta san Fulani ba. Ba wanda ya tanka masa, ba kuma wanda ya kwaɓe shi. Ƙanen Bube da ya yi kudu, an kira wayarsa ba ta shiga.

Da hantsi washegari shanun suka shigo ta bakin burtali. Ba su tsaya jiran kora ba, suka bazu cikin kara, ƙarar karyawa ta cika gandu. Adda tana biye da su da ƙwaryar nono a ka. Da ta zo daidai Haladu ta tsaya, ta sauke, ta cika ludayi ta miƙa masa ba tare da ta dube shi ba.

"Saura kaɗan ka kashe mu da gaskiyarka," ta ce.

"Ba tawa ba ce, Adda. Ta mijinki ce."

"Duk ku biyun ɗaya kuke. Sha ka ba ni ludayina."

Ya sha. Ya zauna a kan kunya, ya miƙe ƙafafu, ya ji gajiyar da bai san yana ɗauke da ita ba tana sauka ta gwiwoyinsa. Can gefen kwari wani jan bijimi ya bar kara ya nufi tarin harawar da Auwalu ya ajiye wa tumakinsa, ya sa kai ya fizgo dami guda. Auwalu ya taso daga bayan danga yana ɗaga hannu.

"Bube! Kai Bube! Harawa na cikin maganar da muka yi? Zo ka janye wannan ɗan banzan kafin in kai shi mahauta!"

"Yi haƙuri, Yaya, baƙo ne, bai san dokar gidan ba!"

"Baƙon da ya san inda harawa take? Zo nan, na ce!"